Kalmar da Na Ƙi Fassarawa

Shekara ashirin da wani abu na yi ina aikin tafinta a London, a asibitoci da ofisoshin council, wato ƙaramar hukuma, wani lokacin har kotu. Abin da nake taƙama da shi ɗaya ne, ba na gyara wa kowa magana. In tsohuwa ta ce wa likita maganinsa bai fi ruwan famfo ba, haka nake faɗa masa, in bar shi yana sosa ƙeya. In likita ya ce ciwo ba na tashi ba ne, ba na mayar da shi "sai a dage da addu'a". Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce ni ba mutum ba ne, rediyo ne. Sau ɗaya na karya wannan ƙa'ida ina tsaye a matsayin tafinta, kuma ba a gaban alƙali ba, a gaban 'yata ne.

Ita kaɗai Allah ya ba mu. A nan aka haife ta, aka sa mata sunan mahaifiyata, shi ya sa ba na kiranta da komai sai Uwata. Hausa tana jinta tsaf, ko habaici ba ya wuce ta, amma amsa sai da Turanci. Ka ce ta miƙo gishiri, ta miƙo, ta kuma gaya maka da harshen mutanen nan cewa gishiri ba na mai hawan jini ba ne. Da uwarta ta rasu muka rage mu biyu a flat ɗinmu, ɗan gidanmu na cikin bene a unguwar Plumstead, ita tana koyar da tarihi a wata sakandare, ni ina dab da ajiye aiki. Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Na ga yadda 'ya'yan abokaina suke zamewa daga hannun iyayensu ba tare da an yi ko ka-ce-na-ce ba: yau an daina zuwa taron Sallah, gobe an koma wani gari, jibi sai gaisuwa a waya. Duk abin da na yi a labarin nan, mai kyau da marar kyau, tsoron rasa ta ne ya sa ni.

Wata Lahadi ta kawo mini wanda take so. Baƙar fatar Amurka ne, Musulmi ɗan Musulmi, yana karatun digiri na uku a nan. A kantin littattafan masallacin Regent's Park suka haɗu bayan Juma'a. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi ƙoƙarin tsugunawa yadda ta koya masa, gwiwarsa ta yi ƙara har na ji tausayinsa na ce ya hau kujera. Mai natsuwa ne, ya ci tuwo da hannu bai yi raki ba. Da aka kwashe kwanuka na yi masa tambayar da kowane uba zai yi, na ce su mutanen ina ne. Ya faɗi wani gari a kudancin ƙasarsu. Na ce kafin nan fa. Ya ce wata gonar auduga ce ba nisa da garin. Na sake cewa kafin nan fa. Ya yi ɗan murmushi ya ce kafin nan sai jirgin ruwa, iyakar abin da suka sani ke nan.

Bayan ya tafi na ce mata sai an yi bincike. Ta tambaye ni binciken me, na ce haka ake yi a wurinmu, ba a ba da 'ya sai an san asalin mutum, na ƙara mata da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiyar magana babu abin da zan bincika. Na riga na san amsar, jikan bayi ne, kuma ban ga bakin da zan buɗe in faɗa wa dangi a gida haka ba. Ban taɓa furta mata wannan ba, amma ba ta buƙaci in furta ba. Wata uku ina ja mata rai. Ta daina cin abinci tare da ni, sai ta zuba nata ta shige ɗaki, ni kuma in zauna da talabijin ina jin ƙarar cokalinta ta bango.

Ita ce ta fara sauko, ko kuwa na zaci sauka ce. Ta ce mahaifin saurayin zai zo London ganin ɗansa a watan Oktoba, lokacin da makarantu suke maganar tarihin baƙar fata. Tunda bincike nake so, ga uban nan zai zo da ƙafarsa. In tara mutanenmu na ƙungiyar 'yan Arewa, a yi zama na rana ɗaya, ya ba mu labarin baƙar fata a Amurka, mu ma mu yi masa tambayoyi. Ba sai an ambaci aure ba. Na amince nan take, domin wannan ne karo na farko cikin makonni da ta nemi wani abu a wurina. Na kama zauren taron unguwa, na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya a waya, na kuma tabbatar kowa ya ji cewa akwai abinci, don na san mutanena.

Cikin waɗanda na fara kira akwai aminina, wanda kowa yake ce wa Likita. Babarbare ne mutumin Borno, ya yi shekaru yana aiki a asibiti a nan har ya yi ritaya. Ni kuwa Bafulatanin gida ne daga ƙasar Kano, irin wanda bai iya ko "zo" da Fillanci ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Tun ranar da muka haɗu Likita bai taɓa ɗaga wayata ya ce komai ba sai "bawana, ka tashi lafiya?" Ni kuma in ce yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa magana a zaune. Ranar da aka binne matata shi ya riƙe ni a maƙabarta, yana kuka yana cewa bawana ka yi haƙuri. A wurinmu babu kalmar ƙauna da ta wuce wannan tsakanin mutum biyu irinmu.

Ranar Asabar ce bayan Azahar, ana yayyafi. Mutane sun zo fiye da yadda na zata: likitoci da ma'aikata da matansu, ɗalibai, wasu tsofaffin mata da suka zo wa 'ya'yansu renon jikoki, da 'yan'uwanmu na Ghana da muke sallar Idi tare. Wata Hajiya daga cikinsu, mai sayar da abinci, ita ta kawo manyan tukwane na shinkafa da wake ta jera a baya ta tsaya kusa da su. Saboda tsofaffin nan da ba su jin Turanci, da kuma waɗanda suke ji amma Turancin Amurka yake sha musu kai, aka ce ni zan yi tafinta. Uwata ta zauna a ƙarshen tebur ita ce mai gabatarwa. Saurayin ya tsaya can bakin ƙofa yana ɗaukar mahaifinsa a waya.

Baƙon dattijo ne dogo mai farin gemu, tsohon malamin makaranta. A hankali yake magana, yana dakatawa in fassara kamar wanda ya saba. Ya ce sunan gidansu da yake ɗauke da shi sunan Baturen da ya mallaki kakanninsa ne. Ya ba da labarin kakarsa da yatsunta suka lanƙwashe saboda tsinkar auduga, da ranar da yana ƙarami ya kai baki famfon da aka keɓe wa Turawa, uwarsa ta fizge shi ta mare shi a gaban Turawa don kada wani ya yi masa abin da ya fi mari. Ya ce da ɗansa ya isa tuƙi, kafin ya koya masa juya sitiyari sai da ya koya masa inda zai ajiye hannuwansa in ɗan sanda ya tsayar da shi. Wani ma'aikaci a cikinmu ya ɗaga hannu ya ce ai nan ma haka ne, an tare ɗansa sau uku a unguwar Woolwich yana dawowa daga makaranta. Mata suna ta salati, tsofaffi suna ja wa Bature Allah ya isa. Na duba Uwata na ga fuskarta ta saki, na ce a raina yau dai na fita kunya. Yanzu da nake tunawa, daɗi muke ji a zauren nan. Laifi duk na wasu ne, mu kuwa waɗanda aka zalunta ne ko kuma 'yan kallo.

Can wajen ƙarshe dattijon ya ce akwai abin da ya kawo mana. Ya ce shekarun baya ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika aka auna, irin gwajin nan da ake gane inda jinin mutum ya fito. Da sakamako ya zo, aka ce akwai jinin Fulani a jikinsa. Ya ce shekara saba'in yana raye bai da kalma ko ɗaya da zai kira abin da yake kafin jirgin ruwa, sai ga shi ya samu, kuma yau yana ɗaki ɗaya da mutanen da suka san kalmar tun suna cikin zanin goyo. Na fassara. Ban rufe baki ba Likita ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. Yana jin Turanci fiye da ni, amma wasan nan da Hausa kaɗai yake fita.

"Ashe bawana ne! Zo nan, bawana, ina ka shige shekara da shekaru ina nemanka?"

Zauren ya ɗauki dariya. Tsofaffi har da tafi, wani yana cewa yau Barebari sun yi tsintuwa. Ni ma na yi dariya, ba zan cire kaina ba. Likita bai yi don cin fuska ba. Ya ji mutum ya ce shi Bafulatani ne, sai ya ba shi abin da yake ba kowane Bafulatanin da yake ƙauna. Dattijon ya ga ana dariya shi ma ya yi, sannan ya juyo gare ni ya tambaye ni me aka ce. A wannan ɗan lokacin ne na ji kalmar da kunnensa. Na ce masa Likita ya ce kai ɗan'uwansa ne, ya daɗe yana nemanka. Dattijon ya dafa ƙirji, ya zagayo tebur ya rungume Likita, idonsa ya cika da hawaye.

"Baba, ba haka ya ce ba."

Uwata ce, kuma da Hausa ta faɗa, da lasifika a hannunta. Rabon da in ji jimla cikakkiya ta Hausa daga bakinta tun tana firamare. Shekara da shekaru ina roƙon Allah in ji ta yi Hausa a cikin mutane, sai ga shi an amsa mini ta inda ban so ba. Ta jira ni in gyara. Da ta ga ba zan yi ba, ta juya ga dattijon ta faɗa masa da Turanci abin da aka ce, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Hannunsa ya sauka daga kafaɗar Likita a hankali. Ɗansa a bakin ƙofa ya sauke wayar.

Magana zarar bunu ce. Likita ya shiga bayani da Turancinsa mai kyau, cewa wasa ne tsakanin ƙabilu biyu, cewa ni ma haka yake kirana, ni ma haka nake kiransa, cewa girmamawa ce ba raini ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk kalmar da ya ƙara sai abin ya ƙara muni. Dattijon bai yi fushi ba, da ya yi fushi da ya fi mana sauƙi. Ya koma kujerarsa ya saurara har Likita ya gaji ya yi shiru. Sannan ya ce ya gane, su ma suna da kalmomin da suke yi wa junansu wasa da su. Amma yana da tambaya ɗaya, kuma yana so in fassara ta don tsofaffi su ji.

"Waɗanda kakanninsu bayi ne na gaske a cikinku, su ma haka kuke yi musu wasan?"

Na fassara ta yadda take. Kowa ya san amsar. Ba a yi. Wanda kake kira bawanka cikin dariya, sai wanda ka tabbata ɗa ne. Wanda kuwa aka san kakarsa baiwa ce, ba mai faɗa masa a fuska, ana gaishe shi da mutunci, a ci abinci kwano ɗaya da shi, a bi shi sallah. Sai ranar da ya zo neman aure a ja ubansa gefe a ce a yi haƙuri. Likitoci da masu digiri muka sunkuyar da kai muna duban takalmanmu. Daga can baya, wajen tukwane, Hajiyar nan ta Ghana ta yi magana da Hausarta ta zango wadda ba ta raba mace da namiji.

"Ba a yi musu, Malam. Kakana mace, an saye shi a kasuwa yana ƙarami, har ya mutu bai san garinshi ba. Mu ba a yi mana wannan wasa. Sai a bayanmu, in maganar aure ya zo." Ta nuna ni da ludayi. "Faɗa mishi yadda na faɗa."

Na faɗa masa. Shekara goma sha wani abu ina cin abincin matar nan, ban taɓa sanin haka game da ita ba. Shugaban ƙungiya ya yi sauri ya ce lokaci ya ƙure, aka yi addu'a aka shafa. Mutane suka karɓi abinci a robobi suka zame ɗaya bayan ɗaya, ko hirar bakin ƙofa da muka saba ba a yi ba. Likita ya tafi bai yi mini sallama ba, kunya ce ta kore shi. Dattijon ya ba ni hannu ya gode mini. Ya ce ya san don tausayinsa na yi, amma irin wannan tausayin ya sha shi tun yana yaro, ya ƙoshi.

Da ƙafa muka koma gida ni da Uwata, gidan ba nisa, sai dai hawa ne. Yayyafin bai tsaya ba, kowa da lemarsa. Sai da muka yi rabin hanya sannan ta sake yin Hausa.

"A gidanmu fa, Baba?"

Na so in ce babu. Amma na ga yadda ta kalle ni a zaure, na san in na sake yin ƙarya a gabanta a rana ɗaya, shi ke nan. Sai na gaya mata. A gidan kakana akwai wata tsohuwa mai ɗaki kusa da madafa. Ita ta goye ni lokacin da mahaifiyata take jego da ƙanwata, ita take ɓoye mini ƙanzo, in na yi laifi bayanta nake gudu. Tsagar fuskarta ba irin tamu ba ce, Hausarta ma akwai ɗan karkata, mu yara mukan kwaikwaye ta muna dariya, ita ma ta yi. Tana ƙarama aka kawo ta gidan, zamanin uban kakana. Har na girma na zaci 'yar'uwa ce, sai da na fara jin manya suna rage murya in an zo kan zuriyarta. Muna kiranta da irin sunan nan da ake sa wa bayi, wanda ba suna ba ne, godiya ce ta mai gida a kan abin da ya samu.

Tunda na fara, sai na ƙarasa. Na gaya mata jikan tsohuwar, malamin firamare, mutumin kirki da babu mai faɗin aibinsa, ya nemi auren ƙanwata, ita ma tana son sa. Dattawan gida suka ƙi. Ni aka aika in gaya masa, wai ni ne na je jami'a na iya magana. Na same shi a ƙofar makaranta na ce masa an riga an yi mata miji, alhali ba a yi ba. Ya san ƙarya nake, ya ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, ya kuma raka ni har bakin titi.

Uwata ta tambaye ni sunan tsohuwar na gaskiya, wanda uwarta ta sa mata. Na ce ban sani ba. Ta ce na taɓa tambaya? Na ce ban taɓa ba. A bakin ƙofa, ina laluben makulli, na ce mata na amince da auren, babu sauran bincike. Na zaci za ta yi murna. Ta ce ta gode, da Turanci, kamar yadda ake gode wa direban bas.

An ɗaura auren a masallaci, ba taro sosai. Likita ya zo ya zauna a sahun baya, tun daga ranar nan kuma in ya kira ni sai ya ce Malam, ni ma in ce Likita, hirar ta ƙare cikin minti biyu. Da mijin ya gama karatu suka koma Amurka. Ba ta tafi cikin fushi ba, ta share flat ɗin, ta jera mini magunguna na kwanaki, ta rubuta lambobin waya ta manna a jikin firij. Bayan shekara biyu ta haifi ɗa namiji. Duk Lahadi da rana tana kirana a waya mai hoto, ba ta taɓa fashi ba.

Da yaron ya fara gane fuska, na fara yi masa wasan kaka da jika, ina ce masa raggo, ina cewa na fi shi kyau, duk cikin Hausa. Rannan Uwata ta karɓe wayar ta koma wani ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta hana ni jikana ba, amma ba ta shirya sa masa Hausa a baki ba tukuna. Ta ce ta wajen ubansa labarin yaron ya tsaya a jirgin ruwa, wannan ba laifin kowa ba ne a cikinsu. Ta wajenta kuwa akwai matar da ta goyi kakansa, kuma mu ne muka san inda muka kai sunanta. In na samo sunan, za ta fara koya masa daga nan, ita da kanta, da ɗan abin da ta iya. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina yarinyar nan ta mayar da ni ɗalibinta. Amma na ce to, don ban da wata hanya.

Na yi wata da watanni ina kiran gida. Yayata ta ce me ya kai ni tone-tone, in bar matattu su kwanta. Wani kawuna da ya haura tamanin ya yi dariya ya ce ai sunanta ke nan wanda na sani, baiwa tana da wani suna ne. Waɗanda za su iya sani duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura mutum ɗaya, kuma na san shi tun farko, na yi ta kewaye ne kawai. Daga ƙarshe na sa aka nemo mini lambar jikan nata, malamin nan, wanda shi ma ya yi ritaya tuntuni. Na yi kwana huɗu da lambar a kan tebur kafin in kira, wata safiya bayan na sha shayi.

Ya gane muryata nan take. Muka yi doguwar gaisuwa, yana ta ce mini ranka ya daɗe, alhali ya girme ni. Na rasa ta inda zan ɓullo, sai kawai na tambaye shi ko ya san sunan kakarsa na yanka, wanda ta zo da shi. Ina jin kukan awaki ta bayansa.

"Ranka ya daɗe, mun tambaye ta tana raye," in ji shi. "Ta ce ranar da aka kawo ta gidanku an tambaye ta, ta faɗa, sai aka yi dariya. Daga nan ba ta sake faɗa ba. Da muka matsa mata, ta yi ta ƙoƙarin tunawa, ta ce ya ɓace mata."

Na yi masa godiya. Na so in roƙe shi gafara a kan waccan maganar ta ƙofar makaranta, amma kafin in haɗa kalmomin ya ce in gaida iyali, ya yi mini fatan alheri.

Ranar Lahadi Uwata ta kira kamar kullum. Na gaya mata abin da ya ce. Ta daɗe tana kallon wani wuri gefen wayar, ta share ido da bayan hannu. Sannan ta kira yaron ta ɗora shi a cinya ta juyo da shi gare ni. Shekararsa huɗu yanzu, goshinsa irin na mahaifina ne sak. Na gaishe shi da Turanci, na tambaye shi abin da ya ci da safe.